Naɗaɗɗun takardun fiyano mai kaɗa kansa: kar a fara da kunnawa

Wani ɗan'uwa da ke karatun adana kayan tarihi a Ingila ya aiko da tambaya. A ƙaramin gidan tarihin da yake zuwa taimako ranakun Asabar, an kawo musu kyautar tsohon fiyano mai kaɗa kansa, haɗe da kwalaye sama da ɗari biyu na naɗaɗɗun takardu masu huje-huje. Wasu gefensu ya yayyage, wasu an lilliƙe su da salatif. Shugabannin wurin suna so a gyara fiyanon, a sa takardun ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki sautin a zuba a intanet. Yana tambaya ko yin haka ya isa a ce an adana su, in kuma bai isa ba me ake yi.

Malam, bai isa ba. Idan ma aka fara ta nan, akwai takardun da ranar da aka sa su a fiyanon ita ce ranarsu ta ƙarshe. Ka roƙi shugabanninka su dakata da maganar kunnawa tukuna, ko da an gyara fiyanon ya koma kamar sabo.

Abin da ya kamata su gane tun farko shi ne babu sauti ko ƙanƙani a cikin takardar nan. Umarni ne kawai aka rubuta da huji. Mai kaɗawa yana taka feda biyu, su kuma suna jan zuga-zugi irin na maƙera, sai dai wannan zuƙar iska yake yi, ba hurawa ba. Takardar tana wucewa a kan wata sandar tagulla mai jerin ƙananan ramuka, kowane rami da maɓallinsa. Muddin takarda ta toshe rami, shiru. Da huji ya zo daidai kan ramin, iska ta shiga, wani ɗan bawul ya buɗe, ƙaramin zuga-zugi ya tsuke, guduma ta bugi waya. Saboda haka in ka ɗauki sauti, abin da ka adana shi ne yadda wannan fiyano, da fatunsa da suka tsufa da iskar da ke yoyo a bututansa, ya karanta umarnin a wannan rana. Umarnin kansa yana nan a takarda yana ci gaba da ruɓewa. Kamar a ce an ba ka tsohon littafi rubutun hannu ka adana, sai ka kira wani ya karanta maka da ƙarfi, ka naɗi muryarsa, ka mayar da littafin inda gara take.

Kafin komai sai ka san irin takardun da ke hannunka, domin ba iri ɗaya ba ne. A watan Disamba 1908 masu wannan sana'a suka taru a birnin Buffalo na Amurka suka amince da ma'auni guda: faɗin takarda inci 11 da kwata, wato kusan santimita 28 da rabi, huji tara a kowane inci, maɓallai 88. Kafin nan wanda ya fi yaɗuwa shi ne mai maɓallai 65, huji shida a inci. Faɗinsu ɗaya, shi ya sa suke ruɗar baƙo, amma duba ƙarshen kwarkwaron da aka naɗe takardar a kai: na 65 yana da tsinken ƙarfe da ya fito waje, na 88 kuwa rami ne ya shiga ciki. Tunda a Ingila kake, zan yi mamaki idan galibin kwalayen ba na kamfanin Aeolian ba ne, wanda ke da masana'anta a Hayes, yamma da Landan.

Sai kuma manyan gidan, waɗanda saboda su jami'o'i ke kashe kuɗi a wannan aiki. Kamfanin Welte na Freiburg a Jamus ya fito da na'urarsa Welte-Mignon a wajajen 1904 zuwa 1905, wadda ba maɓallan kawai take bugawa ba, har ƙarfin bugu da taka feda take kwaikwaya. Daga baya Amurkawa suka biyo da Duo-Art da Ampico. A cikin Nuwamba 1905 shahararren mai tsara kiɗa Gustav Mahler ya zauna a Leipzig ya kaɗa wa Welte naɗi huɗu, kuma su kaɗai ne shaidar yadda hannunsa yake a kan fiyano. Carl Reinecke, wanda aka haifa a 1824, shi ma ya kaɗa musu yana tsoho mai shekara tamanin. Grieg da Debussy da Saint-Saëns duk sun yi. Rachmaninoff ya yi wa Ampico tun daga 1919, Gershwin kuma ya yi wa Duo-Art. Idan ka buɗe kwali ka ga jar takarda mai faɗi, wajen santimita 33, to ka riƙe ta da hannu biyu, Welte ce ta asali. A irin waɗannan takardu, huje-hujen da ke gefe biyu ba na maɓalli ba ne, su ne umarnin ƙarfi da laushin bugu. Ka lura da wannan da kyau, domin gefen ne ke fara yagewa. Wato wurin da bayani mafi daraja yake, nan ne mafi rauni.

Na koyi wannan da hannuna, ba a aji ba. Shekarun baya, a wani ƙaramin gidan tarihi da ba sai na kama suna ba, muka sa wani naɗi da muka duba farkonsa muka ga lafiya lau. Ya kaɗu tiryan-tiryan har ƙarshe, muna ta murna. Sai aka juya hannun mayarwa, wanda ke sake naɗe takardar a kan kwarkwaronta. Lokacin mayarwa takarda gudu take yi, ta ninka saurin kaɗawa sau da yawa, ashe faifan gefen kwarkwaron ya ɗan karkace da tsufa. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas ƙas ƙas, kamar ana murza busasshen ganyen masara. Kafin na kai hannu in tsayar, wajen mita biyu na gefen hagu ya zama kamar bakin zarto, gutsattsari sun zube a kan maɓallai kamar dusa. Sati biyu na yi da hantsaki ina mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai huje-huje uku da har yau ban san ko na kamfani ne ko na yagewa ba. Tun daga ranar ban ƙara barin a mayar da tsohon naɗi da ƙarfin injin ba.

Dalilin wannan rauni a cikin takardar yake. Yawancinsu an yi su da ɓawon itace da aka niƙa, mai ɗauke da sinadarin da ke zama asid a hankali, ya cinye zaren takardar daga ciki. Shi ya sa take yin ruwan ƙasa, ta yi ƙamas, ta karye in an lanƙwasa. Wasu kamfanonin sun yi amfani da takarda mai kyau, za ka ga naɗi mai shekara ɗari da goma yana nan garau, na kusa da shi mai shekara tamanin kuwa ya gama. Ga kuma laima. Duk wanda ya ga yadda bangon littafi ke nannaɗewa da hunturu ya sake saki da damina ya san takarda tana numfashi. Yi lissafi: tsakanin huji da huji milimita 2.8 ne. Idan takarda mai faɗin santimita 28 da rabi ta tsuke da kashi ɗaya cikin ɗari kacal, ta rasa kusan milimita uku, huje-hujen can gefe sun goce da rabin layi ke nan. A fiyano sai ka ji maɓallin maƙwabci yana amsawa.

To, hanyar da masu wannan aiki suka tsaya a kai ita ce a ɗauki hoton takardar gaba ɗaya, daga kai har wutsiya. Sikana ta ofis ba za ta yi ba. Na ga masu ɗauka gunduwa-gunduwa suna haɗawa a kwamfuta, amma a kowace mahaɗa ana samun kuskuren rabin milimita ko fiye, kuma a nan tsawo shi ne lokaci, kuskuren tsawo kuskuren kiɗa ne. Na'urar da ake ƙerawa musamman tana jan takardar a hankali daga kwarkwaro zuwa kwarkwaro, ba tare da ta goga a kan komai mai kaifi ba, ta wuce ƙarƙashin kyamarar da ke ɗaukar siririn layi ɗaya tak a lokaci guda. Sirrin aikin yana ga wata 'yar taya da ke birgima a kan takardar. Ita ke gaya wa kyamara takarda ta matsa kaza, ɗauki layi na gaba. Da haka ko injin ya yi sauri ko ya yi jinkiri, ko ma ka tsayar da shi don ka miƙe wani lanƙwasasshen gefe, hoton ba ya miƙewa ba ya tsukewa.

Maganar haske kuma iri biyu ce. In aka haska daga baya, huji ya fito fari fat, takarda baƙa, gefen huji ya fita sarai don aunawa. In aka haska daga gaba, sai a ga launi da rubutu. Masu sha'awa a Ingila da Kanada da Amurka, waɗanda su suka fara wannan aiki tun kafin jami'o'i su waiwayo, sun ƙera nasu da sandar karatu irin ta injin faks, suka kwafi dubban naɗi a baƙi da fari. Sun yi aikin da ya cancanci yabo. Amma ni ina tare da masu ɗaukar launi, domin a jikin takardar akwai abin da ba huji ba: baitocin waƙa da aka buga a gefe don 'yan gida su riƙa bi, jan layin da ke nuna wa mai kaɗawa inda zai ƙara sauri, ɗigo-ɗigon ƙarfin sauti, hatimin kamfani, sa hannun makaɗi, wani lokaci har rubutun fensir na ma'aikacin da ya duba naɗin. Hoton launi ne kuma zai nuna maka cewa wancan farin tabo yagewa ce ba huji ba.

Misali mafi shahara shi ne na Jami'ar Stanford a Kalifoniya. A 2014 ta karɓi tarin marigayi Denis Condon na Sydney a Ostareliya, naɗi sama da 7,500 da na'urori goma, ta sa aka ƙera mata sikana, ta buɗe rumbun da ake kira SUPRA inda kowa zai iya ganin hotunan ya ji kiɗan. Suna ɗauka da ɗigo 300 a kowane inci, wato tsakanin huji da maƙwabcinsa a naɗin 88 akwai ɗigo wajen 33, wanda ya wadatar. Sai dai ka shirya wurin ajiya. Naɗin da ke kaɗuwa minti biyar zai kai ƙafa 40, layi 144,000 ke nan, kuma idan kowane layi ɗigo dubu huɗu ne masu launi, fayil ɗaya ya doshi gigabait biyu. A Suwizalan ma gidan tarihin na'urorin kiɗa na Seewen da jami'ar fasaha ta Bern sun yi irin wannan aiki a kan naɗe-naɗen Welte.

Bayan hoto sai fassara, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Manhaja tana bin hoton ta gano layuka, ta gyara karkatar takarda, ta fitar da fayil na MIDI, wato tsarin da tun 1983 kayan kiɗan lantarki ke magana da juna da shi. Mutane na ganin MIDI sai su ce an gama, a goge manyan hotuna a huta. Kuskure ne babba, ga dalilai.

Na farko, dogon sauti ba dogon huji ɗaya ba ne. Da an yi haka da takardar ta tsage kamar igiya. Jerin ƙananan huje-huje ake yi da siraran gadoji a tsakani, gadojin sun yi ƙanƙanta da su toshe ramin sandar, don haka fiyano yana jin su a matsayin sauti ɗaya. Sai manhaja ta yanke hukunci: wannan gada ce a haɗe, wannan kuwa tazara ce ta gaske, an sake buga maɓallin. Tana yin kuskure, musamman a wurin da makaɗi ke maimaita maɓalli da sauri. Haka kuma ramin sandar yana da nasa tsawo, iska na fara shiga tun bakin huji ya leƙo, ba ta yankewa sai wutsiyarsa ta wuce. Wanda bai ƙara wannan a lissafi ba, kiɗansa zai fito a guntule, tsinke-tsinke.

Sai sauri, wanda ya fi kowanne jawo gardama. A farkon naɗi za ka ga an buga lamba, a ce 70. Ma'anarta takarda ta yi tafiyar ƙafa bakwai a minti. Amma a farko ne kawai. Kwarkwaron da ke karɓa yana juyawa da gudu ɗaya, takarda na taruwa a kansa yana ƙara kauri, don haka kowane juyi yana jan takarda fiye da na baya. Naɗin yana ƙara gudu har ƙarshe, kuma kamfanoni sun san da haka. Sikana ba ta san wannan ba, ita tsawo kawai take aunawa. Idan aka mayar da tsawo lokaci kai tsaye, ƙarshen kiɗan zai riƙa jan ƙafa. In za a gyara, sai an san kaurin takarda da faɗin kwarkwaron na'urar da aka yi naɗin dominta. Shi ya sa nake cewa ka auna kaurin takardar ka rubuta, abu ne na minti ɗaya da hoto ba zai ba ka ba.

Mafi wuya shi ne umarnin ƙarfin bugu. Duo-Art yana da huji huɗu a kowane gefe, haɗuwarsu ke ba da matakai 16. Welte kuwa ba matakai yake bayarwa ba, cewa yake fara ƙaruwa a hankali, tsaya, faɗo da sauri, wato sai ka san saurin da zuga-zugin ke buɗewa da rufewa kafin ka san ƙarfin da ya kai. Manhaja sai ta kwaikwayi iska da fata da bawul, ta mayar da sakamakon lamba tsakanin 0 da 127, wadda MIDI ke nuna ƙarfin bugu da ita. Ƙwararru biyu za su yi wannan kwaikwayo su fito da kiɗa biyu mabambanta, kowa da hujjarsa. Ga shi kuma masana'antar Welte ta ƙone a ruwan bama-baman da aka yi wa Freiburg a Nuwamba 1944, kuma kamfanin ya ɓoye yadda yake ɗaukar ƙarfin bugu, har yau ana muhawara a kai. Na Duo-Art an san editoci ne ke zama su tsara shi, su gyara kurakuran makaɗi, shi kuma ya saurara ya sa hannu. Don haka in ka ji an ce ga Mahler da kansa yana kaɗawa, ka karɓa da ɗan taka-tsantsan. MIDI ra'ayin masanin yau ne, shekara goma masu zuwa wani zai fi shi. In hoton yana nan, sai a sake fassarawa. In an goge, ra'ayin nan ya zama shi ne tarihi.

Akwai wani mataki da ya fi wannan zurfi, wanda injiniya Wayne Stahnke ya yi fice a kai. Injin huda na kamfani ba ya huda inda ya ga dama, yana matsar da takarda taki ɗaya ƙayyadadde, ya huda, ya sake matsawa. Kowane huji ke nan yana kan wani layi na ɓoye. In hoton ya yi kyau, ana iya gano tsawon takin, a mayar da kowane huji mazauninsa na asali, a share duk miƙewa da tsukewar shekara ɗari. Da wannan ake huda sabon naɗi daidai da na kamfani. To wannan sabon shi za ku sa a fiyanonku ku kaɗa wa baƙi har ya gaji.

Yanzu abin da za ka iya yi da hannunka Asabar mai zuwa, ba tare da na'ura ba. Ka ba kowane naɗi lamba, ka ɗauki hoton kwali da tambarinsa da farkon takardar, ka rubuta kamfani da lambar naɗi da sunan kiɗa da makaɗi. Kar ka yarda da kwali, sau da yawa abin da ke ciki daban ne. Ka cire duk robar ɗauri da ka gani, tana narkewa ta manne. Wanda ka ga fumfuna a jikinsa ka ware shi a leda can nesa, ka sa takunkumi, kar ka hura da baki. Hannu wankakke busasshe ya fi safar auduga, domin zaren safa yana kama yagaggen gefe ya ƙara yaga shi. In za ka warware, a kan dogon tebur mai tsabta, mita ɗaya ko biyu sun isa ka gane lafiyarsa, kuma da ka ji takarda tana ƙara ka tsaya.

Salatif kuwa kar ka ɓamɓare, kar kuma ka ƙara wani. Tsohon salatif yakan bushe ya faɗi ya bar tabo ruwan zuma, ko kuma danƙonsa ya tsatso ta cikin huje-huje ya manne da zagayen da ke ƙasa, sai ka ja ka ji takarda biyu sun taso tare. Wannan aikin mai gyaran takarda ne. Gyaran da muke yi da siririyar takardar Japan ne da kunun sitacin alkama, an shafa shi kaɗan ƙwarai don kada jiƙa ta sa wurin ya tattare, a liƙa ta baya, a danne har ya bushe, sannan a sake buɗe duk hujin da facin ya rufe. Kuma gyaran da zai sa naɗi ya wuce ta sikana sau ɗaya kawai ake bukata, ba wanda zai mayar da shi fagen kiɗa ba.

Ajiya: a kwance cikin kwalayensu, kar a jibga da yawa a kan juna, ɗaki mai sanyi da bai wuce digiri 20 ba, laima tsakanin kashi 35 zuwa 50, nesa da hita da taga da bangon waje. Tsayuwar yanayin ta fi lambar muhimmanci. Tsofaffin gine-ginen Ingila kuma ka san halinsu, ɗakin ƙasa damshi, ɗakin sama zafi da rani, duka biyun ka guje su.

Ba na ba ku shawarar ƙera sikana saboda naɗi ɗari biyu. Da ka gama jerin, za ka tarar yawanci kiɗan rawa ne da waƙoƙin yayi da aka buga dubbai, wasu ma an riga an kwafe su. Ka gwada jerin da rumbun Stanford, sannan ka tuntuɓi gidan tarihin kiɗa na Brentford a Landan da ƙungiyoyin masu fiyano mai kaɗa kansa na Ingila, sun san masu na'ura. Mai yiwuwa ashirin ko talatin ne za su cancanci tafiya: na Welte da Duo-Art da Ampico, na ƙananan kamfanonin da ba a san su ba, da duk wanda ke da rubutun hannu a jiki. Wanda zai ɗaukar muku, ku yi sharaɗi da shi a rubuce cewa zai ba ku ainihin hoton da ba a matse ba, a tsarin TIFF, tare da ma'aunin da ya yi amfani da shi, ba MIDI kaɗai ba. Ku ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gini daban. Ku kuma tambaye shi yadda yake mayar da naɗi bayan ya gama ɗauka. In ya ce da injin, da gudu, ku nemi wani.